Kogin Ɗigo

Malamar aji ce ta tare Mai Labule a bakin ƙofar makaranta da safe, bayan Ɗigo ta shige ciki da jakarta da ta kusa fin ta girma.

"Maman Ɗigo, don Allah ɗan tsaya, magana ce ba mai tsawo ba."

Mai Labule ta tsaya, amma rabin hankalinta yana kan titi, don motar da ke kai ta shago ba ta san uzuri ba. Malamar ta yi ta kewaye-kewaye irin na mai tsoron ɓata wa mutum rai, daga baya ta fito da maganar. Ashe Ɗigo ta gaya wa 'yan ajinsu cewa akwai kogi da ke zuwa ɗakinsu, kuma ranar da za ta cika shekara biyar duk za su je su gan shi. Yara suka yi mata dariya. 'Yar mai kantin magani, wadda ajin ke kira Sarkin Musu saboda ko sunanta ka faɗa sai ta ce ba haka ba ne, ta laƙaba mata maƙaryaciya, sauran kuma suka ɗauka. Tun daga nan Ɗigo ba ta cin abincin tara tare da kowa, can take zama kusa da inda ake jera takalma.

"Yara ai haka suke, suna da ƙirƙire-ƙirƙire," in ji malamar. "Ki dai lallashe ta ta ce wasa take yi, magana ta wuce."

Mai Labule ta yi godiya ta kama hanya, amma maganar ta tsaya mata a rai. Ɗigo yarinya ce 'yar ƙarama, don ƙanƙantarta ma aka sa mata wannan suna tun tana jaririya, kuma a iya sanin uwar ba ta taɓa yin ƙaryar ko da shan sukari ba. Su uku suke zaune a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene, ita da yarinyar da mahaifiyarta, wadda kowa a gidan ke kira Kaka. Uban Ɗigo ya tafi neman aiki nesa, waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke gaba ɗaya, kuma Mai Labule ta daina zancen don ba ta son a riƙa kallon ta da idon tausayi.

Da yamma ta dawo gida ana kunna fitilun titi, kamar kullum. Ta zaunar da yarinyar a cinya tana cire mata safa.

"Ɗigo, wane kogi ne kike ba su labari a makaranta?"

"Wanda yake zuwa nan."

"Ta ina yake shigowa?"

"Ta taga."

"Yaushe?"

"In kina wurin aiki."

Mai Labule ta dubi mahaifiyarta. Kaka tana zaune a gefen gado tana jan carbi, idanunta da yanar tsufa ta lulluɓe suna kallon wani wuri tsakanin ƙofa da bango.

"Kada ki kalle ni," in ji Kaka, don ko ba ta gani sosai tana jin idan an kalle ta. "Ni da na ɗauko ta daga makaranta muka ci abinci, barci ke ɗauka ta. Amma dai ban taɓa farkawa a jiƙe ba."

"Ba ya jiƙa mutum," in ji Ɗigo, a natse, kamar mai gyara wa babba kuskure.

Nan Mai Labule ta yanke hukunci a ranta, kuma ta yanke shi da sauri irin na uwar da ke jin laifi. Yarinya tana wuni da tsohuwa mai barci, ba uba, ba uwa, ba abokin wasa, to me zai hana ta ƙirƙiro wa kanta kogi? Abin ya yi mata ciwo sosai. Amma ta ce wa 'yarta ta je gaban yara ta ƙaryata kanta, wannan kam ba za ta iya ba. Idan kogi suke son gani, za su ga kogi. Ba ta da kuɗin haya wurin biki, ba ta da na mai kiɗa ko mai kayan wasa, amma tana da hannu, kuma hannun nan ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Sana'arta ke nan, ɗinkin labule. Shagon da take aiki dogo ne mai ƙunci, bandir-bandir na yadi a tsaye jikin bango, teburin yanka a tsakiya, kekunan ɗinki a jere suna kuka tun safe. Ita ake aikawa gidajen mutane ta auno taga, da tef a wuya da fensir a bayan kunne. Shekaru sun koya wa idonta abu ɗaya: da ta shiga ɗaki, abin da ya kamata a rufe shi take fara gani. Bangon da ya tsage, tagar da aka kafa a karkace, bayan gidan maƙwabci da ke leƙo mutum yana cin abinci. Takan ce wa masu gida, "Ku bar mini wannan," ta tafi, ta dawo da yadi, sai ɗaki ya zama kamar bai taɓa yin laifi ba. Ta yi alfahari da wannan ido, kuma tana da dalili.

Washegari ta sami Madam, mai shagon, tana duba wani aiki da aka gama wa wani otal, labule shuɗi kala-kala, daga mai duhu har mai haske kamar an wanke sararin sama. A ƙarƙashin tebur akwai buhun ragowar da aka yanke.

"Madam, waɗannan ƙyallayen, akwai abin da za a yi da su?"

"Shara za su. Me za ki yi da su?"

"Kogi."

Madam ta sauke tabarau ta dube ta. Mace ce mai faɗa da baki, amma cikinta ba komai. "Ke da 'yarki duk kanku ɗaya," ta ce. "Kwashe. Amma a lokacin hutunki, kada in ga kogi a kan kekena ana jiran labulen mutane."

Haka kuwa aka yi. Da rana ta take, sauran ma'aikata suka fita cin abinci, sai Mai Labule ta jawo buhu ta zauna. Ta jera ƙyallayen daga mai duhu zuwa mai haske, ta haɗa su dogo-dogo, ta yi musu tattara yadda za su yi tudu da kwari. Shagon ya yi tsit sai kukan kekenta, kuma idan ta daɗe tana tafiya da shi sai kukan ya sake, ya zama wani abu mai gudu a kan duwatsu. Yadin yana zubowa ta bayan keken, ya taru a ƙasa, ya kewaye ƙafafunta da sanyi. Wani lokaci sai ta ga kamar teburin yanka ya saki ƙasa ya fara tafiya a hankali, bandir-bandir ɗin jikin bango sun zama itatuwan bakin gaɓa, ita kuma tana zaune a tsakiya da Ɗigo a gabanta suna wucewa, ba mai jiran su, ba motar da za ta tsere musu. Sai ƙofa ta buɗe, wani ya shigo yana sakace haƙori, teburin ya dawo wurinsa.

Sauran shirin a hannun ƙaninta ya faɗa, wanda Ɗigo ke kira Kawu. Mai kai saƙo ne a babur, ya san kowane lungu da inda ake samun kowane abu da sauƙi, kuma bakinsa ba ya hutawa. Shi ya samo balan-balan da 'yan kyandirori. Shi ya riƙa tara takardun biskit masu ƙyalli a ciki, ya kawo mata cike da leda, suka yanka su kifi-kifi.

"Yaya, wannan naki ba kifi ba ne, takalmi ne," ya ce yana ɗaga ɗaya.

"Naka kuma ya fi kama da kai, duk baki."

"To ai shi ne zai yi wa baƙi maraba."

Kek kuwa wata maƙwabciyarsu, matar ƙasan bene, ta ce a kawo fulawa da ƙwai ta gasa a tanderunta, ladanta kawai a rage mata labulen kicin da ya yi mata tsawo. Lemo na gari ne da ake damawa a jug. Mai Labule ta kwanta tana lissafa abubuwan nan a kai, ta ga ba wanda ya fi ƙarfinta, ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

Aka sa bikin ranar hutun ƙarshen mako, don ita ce kaɗai ranar da shago ke rufe. Ɗigo ta dage sai da yamma, bayan rana ta karkata, uwar ta ce to. Da safe Kaka ta ja yarinyar zuwa ƙasa a yi mata kitso, aka ce kada su hawo sai an kira su.

Mai Labule ta tsaya a tsakiyar ɗakinta da tef a wuya, ta dube shi yadda take duban ɗakin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa nata a rubuce yake a sama: wani babban tabo ruwan ƙasa a silin, tun damina biyu da suka wuce, da ɓawon fenti yana lilo a gefensa. Tagar ɗaya ce, gilashinta ɗaya ya tsage an liƙe da salatif. Idan ka leƙa, filin wankin mota ne a ƙasa, siminti da tsofaffin tayoyi da tsummoki a kan igiya. Ta tuna matar mai kantin magani za ta shigo nan, ita da ta taɓa auna tagogin gidanta masu kallon lambu. Sai ta ji kunya ta hau mata har wuya.

"Ku bar mini wannan," ta ce a hankali, ko da yake ba kowa sai Kawu.

Da tagar ta fara. Ta sa mata labule mai kauri, mai shafi biyu, irin wanda ko rana ta yi fushi ba ta ratsa shi. Sannan Kawu ya hau kujera yana buga ƙananan ƙusoshi, ita tana miƙa masa, suka ja dogayen shuɗayen nan daga kan tagar, suka bi silin da su har bangon ƙofa, suna sassauta su su yi ciki kamar igiyar ruwa. Tabon ya ɓace. Suka rataya kifayen da zare, suka ɓoye fitila a bayan yadi mai haske, suka kunna fanka a hankali. Ɗakin gaba ɗaya ya koma shuɗi, yana numfashi.

Kawu ya sauko daga kujera, ya ɗaga kai yana kallo. "Yaya," ya ce daga baya, "in na nutse ki gaya wa masu saƙo ban ci amanarsu ba."

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Ko Madam da ta gani da ta cire tabarau.

Aka kira Ɗigo. Ta hawo da sabon kitso da rigar da uwar ta ɗinka mata daga ragowar farin shafi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta daɗe, sannan ta dubi taga.

"Ya yi kyau, Mama," ta ce. Yarinya ce mai ladabi. Amma muryarta ta yi ƙasa. "To ta ina zai shigo?"

"Ai ga shi ya riga ya shigo, 'yar albarka."

Ɗigo ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka ji hayaniyar yara a matakala.

Suka cika ɗakin, takalma suka taru a ƙofa. Iyaye mata biyu-uku suka shigo tare da su, cikinsu har da matar mai kantin magani, doguwa mai ƙamshi, ta zauna a bakin gado kusa da Kaka tana yaba aikin da gaske. "Ke kika yi wannan da hannunki? Lallai an ba ki." Mai Labule ta ji kanta ya yi girma. Yara suka yi ta tsalle suna son kama kifi, aka zuba lemo, Kawu ya zama kada yana bin su da rarrafe. Ɗigo kaɗai ke tsaye jikin labulen taga, hannunta a kan yadin.

Sarkin Musu ta hau kan gado ta miƙa hannu ta taɓa shuɗin da ya sauko. Yarinya ce mai kumatu da ribbon biyu ɗaure a gashi, kuma a gaskiya ba muguwa ba ce, tana dai son a yi magana daidai.

"Wannan ai yadi ne," ta ce. "Kin ce ba a iya taɓa shi. Kin ce fari ne, yana rawa da kansa."

"Ba shi ba ne wannan," in ji Ɗigo.

"To ina yake?"

"Bai shigo ba. An rufe masa hanya."

Wani yaro ya yi dariya, wani ya taya shi. Aka faɗi kalmar nan, maƙaryaciya, a hankali daga bayan ɗaki, amma kowa ya ji ta. Ɗigo ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kama labulen da hannu biyu tana ja, shi kuwa labulen uwarta ce ta kafa shi, ba ya zuwa ko'ina. Ta ɗago ta dubi uwar, kuma a idon nan Mai Labule ta ga abin da ya tsorata ta: yarinyar ta gane cewa ita ma ba ta yarda da ita ba.

Mai Labule ta dubi matar mai kantin magani, ta dubi sama inda tabon ke ɓoye. Aikin hutun rana da yawa ne a rataye a wurin, da mutuncinta a bayansa. Ta ce, "Kawu, kawo kujerar."

"Yaya?"

"Kawo."

Ita da kanta ta hau. Ta zare sandar labulen, ta fizge shuɗayen ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshi suna zubowa, kifaye suna faɗowa kan yara. Tabon ya fito, ya fi yadda ta san shi girma. Gilashin da aka liƙe ya fito, da tayoyi, da tsummoki. Ba ta kalli kowa ba. Rana ta shigo ta kwanta a ƙasa kusa da taga, rana ce kawai irin ta kowane gida.

Duk suka ɗaga kai, don Ɗigo sama take kallo. Ba komai a silin sai tabo da ramukan ƙusa.

Aka jira. Fanka tana juyawa. Wani ƙaramin yaro ya tambaya ko yanzu za a yanka kek.

"Kullum yana zuwa," in ji Ɗigo. "Kullum."

Kaka ce ta yi magana, daga inda take zaune, kamar da kanta take yi. "Yau kam unguwar shiru. Yaron nan mai wankin mota bai buɗe ba. Ni da ƙarar mesarsa ce ke sa ni barci."

Mai Labule tana kan kujera har yanzu. Ta leƙa ƙasa. Simintin filin a bushe yake fari fat, an ɗaure ƙofar ɗakin injin da kwaɗo. A tsakiya akwai ɗan kwari mai faɗi inda ake tsayar da mota, inda ruwa kan taru. Ta dubi inda rana take, ta dubi kwarin, ta dubi tagarta, ta ɗaga ido zuwa silin. Ita da ta ƙare rayuwarta tana lissafin ta inda haske ke shigowa don ta tare shi, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba: rana ce ke faɗawa cikin ruwan wankin mota, haskenta ya tashi ya hau silinsu. Ranar da take gida, ranar ce mai wankin mota ma yake hutu. Shi ya sa ba ta taɓa gani ba.

Ta sauko, ta ɗauki bokiti ta tsoma a duron ruwansu da ke bayan ƙofa, ruwan da za su yi mako suna lallaɓawa. "Kowa ya kwanta a ƙasa ya kalli sama," ta ce. "Ɗigo, ki nuna musu inda ake kwanciya. Kawu, ɗauko ɗayan."

Suka sauka matakala ruwa yana fantsama a ƙafarta. Filin ba katanga, sarƙa ce kawai aka gitta, suka tsallake. Bokitin farko simintin ya shanye rabi, saura ya gudu ya bi magudana. Sai ta ga ashe da wani ƙyallen shuɗi a kafaɗarta, ta dunƙule shi ta toshe ramin. Suka koma, suka sake saukowa. Matar ƙasan bene ta ga abin da ake yi, ba ta tambayi dalili ba, ta miƙo nata bokitin ta taga. A hankali kwarin ya cika, ruwa ya kwanta, rana ta faɗo cikinsa har sai da Mai Labule ta kare ido.

Daga sama ba a ji komai ba.

"Motsa shi," ta ce wa Kawu. "Mesa ai ba ta barin sa ya kwanta."

Kawu ya cire takalmi ya shiga yana jan ƙafa. Ita kuma ta durƙusa tana kaɗa ruwan da tafin hannu, rigar bikinta tana jiƙewa. Sai hayaniyar da ke saman bene ta ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe ta da murfi. Can sai muryar Sarkin Musu ta fito ta taga, ƙasa-ƙasa, ba musu a cikinta ko kaɗan.

"Yana rawa."

Mai Labule ta ci gaba da kaɗa ruwa. Daga inda take ba ta ganin komai sai tagarta da gilashin da aka liƙe, da wani ɗan haske yana wasa a gefen katakon. Ta ce a ranta wannan ma ya isa, an wanke 'yarta, ba sai ta gani ba. Tana cikin haka ta ji ƙamshi a bayanta. Matar mai kantin magani ce, ta tsallako sarƙa, ta tattare zanenta mai tsada, ta cire agogo ta sa a jaka.

"Tashi, Maman Ɗigo. Ke ake jira."

"A'a, za ki ɓata kayanki."

"Kaya ai wanki ake yi musu. Na gani, ke ba ki gani ba. Hau."

Ta hau a hankali, ƙafafunta suna barin sawun ruwa a matakala. A bakin ƙofa ta tsaya.

Yara suna kwance a ƙasa a kan tarin shuɗin yadin da ta fizgo, kai da kai, ba mai motsi. A samansu silin ya narke. Haske fari da ruwan zinariya yana gudu a kansa, zare-zare, yana haɗuwa yana rabuwa, yana tafiya daga taga zuwa ƙofa ba ya ƙarewa. Ya sauko kan bango, ya taɓa fuskokin yaran, ya bi ta kan hannun Kaka, wadda ta ɗaga kai tana cewa ita ma tana ganin wani abu yana motsi. Ɗakin da Mai Labule ta sani, mai ƙunci, mai warin danshi, ya yi zurfi kamar ba shi da rufi. Tabon nan kuwa yana tsakiya, ruwa yana kewaye shi ta kowane gefe.

"Wancan tsibiri ne," Ɗigo take gaya wa Sarkin Musu, da yatsa a sama. "Nan jirgi yake tsayawa. In babbar mota aka wanke, har can ƙofa yake kaiwa."

Ta hango uwarta, ta matsa gefe ta buɗe mata wuri. Mai Labule ta kwanta da jiƙaƙƙiyar rigarta a tsakanin yara, kanta kusa da sabon kitson. Bayanta ya huta a ƙasa, ta ji kamar ana ɗauke da ita a hankali. Daga ƙasa ana jin Kawu yana faɗa wa matar mai kantin magani cewa ba ta iya tuƙa jirgin ruwa ba. Kek yana kan tebur an manta da shi, kyandirori ba a kunna ba.

"Yi haƙuri, Ɗigo," ta ce a kunnenta. "Ban sani ba."

Yarinyar ba ta sauke ido daga sama ba. Ta lalubo hannun uwar mai sanyi, ta riƙe yatsa ɗaya.

"Kullum ina ce masa ya jira ki dawo daga aiki," ta ce. "Ba ya jira."

Mai Labule ta ƙara riƙe ɗan hannun nan. Ta bar hawaye suka gangara ta gefen kunne suka shiga yadin. Rana tana ta sauka a bayan gidaje, hasken ya fara janyewa daga wajen ƙofa, ita kuwa ta ƙi ko ƙiftawa.

"Yau ya jira," in ji Ɗigo.